Lakwal ta kuɗi a Maraɗi: me uba yake saye da jikkunansa?

Daga tsakiyar Satumba, duk wanda ya bi titunan Zariya, Ali Ɗan Tsoho ko Burja zai ga an sake wa bangaye fenti, an rataya ƙyallaye a bakin ƙofofi ɗauke da sakamakon jarrabawar bara da manyan lambobi. Lokacin rajista ya yi. Makarantun kuɗi, waɗanda galibi ake rubuta CSP a gaban sunansu, sun yawaita a Maraɗi har da wuya ka ratsa unguwa ba ka ci karo da biyu ko uku ba. Tunda haja ce ake sayarwa, kuma mai tsada, ya kamata a duba ta yadda ake duba buhun hatsi a kasuwa: a zura hannu har gindin buhu, kada a tsaya ga na baki.

Abin da za a fara cirewa daga lissafi shi ne manhaja, domin guda ce. Yaron da ke lakwal ta gwamnati a Bagalam da wanda ubansa ke biyan jikkuna a Zariya, dukansu shekara 6 za su yi a firamare: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Daga nan shekara 4 a kwaleji zuwa BEPC, sai 3 a lise zuwa BAC. Jarrabawar ƙarshen firamare, CFEPD, wadda aka jingine kimanin shekara 10, an dawo da ita a 2024, kuma ta hau kan kowa. Gwamnati ke fitar da tambayoyi, ita ke naɗa masu gyara, ana kuma rufe sunan ɗalibi kafin takardarsa ta isa hannun mai gyara. Ɗan makarantar kuɗi da ɗan Lise Ɗan Baskore takarda iri ɗaya ake ajiye musu a kan tebur. Don haka in mai makaranta ya ce maka yana da tsari na musamman, tambaye shi awa nawa ne a mako, kuma wa ke koyarwa. Yawanci ƙarin Ingilishi, Larabci ko kwamfuta ake nufi. Suna da amfani, amma mahaɗi ne, ba su ne tuwon ba.

Babban abin da kuɗinka ke saye shi ne kwanakin karatu. A takarda, shekarar karatu na farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni, wata 9. A makarantun gwamnati da yawa watannin nan ba sa cika, kuma kowa ya san dalili. Akwai azuzuwan kara, waɗanda hukumomi da kansu suka sha cewa sun kai kimanin 36,000 a faɗin Nijar. Ajin kara ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara da zana, wato ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, kuma hadarin farko na Mayu ko Yuni shi ke kwashe shi. An ci wata a gaba, an ci wani a baya. Sai yajin aiki. Mafi yawan malaman firamare ƴan kwantaragi ne, tsarin da ya samo asali daga malamai ƴan sa-kai na ƙarshen shekarun 1990, kuma an shafe shekaru ana yi musu jinkirin ɗan abin da ake ba su a wata. Malamin da ya ajiye alli don neman haƙƙinsa ba a ga laifinsa ba, amma yaro ne ke zaune gida. Ga yajin ɗalibai a kwaleji da lise, ga jinkirin tura malamai, wanda kan sa aji ya kai Disamba babu malamin lissafi.

A makarantar kuɗi mai tsari, ranar da aka ce an koma, an koma. Ƙarfe 8 an ja ƙofa, mai gadi na tsaye, wanda ya makara sai an rubuta sunansa. Malamin da bai zo ba ana cire masa kuɗin awannin, shi ya sa ba ya fashi sai da dalili mai ƙarfi. Wannan kaɗai na ba yaro makonni da dama a shekara fiye da takwaransa, in kuwa aka tara su shekara 6 tazara ce babba. Ta wannan fuska hidimar ta ci kuɗinta, ban ga abin musu ba. Sai dai a matakin lise, in yajin ɗalibai ya yi zafi, akan je a fitar da na makarantun kuɗi su ma.

Tabbatar da wannan ba ya buƙatar ka iya Faransanci. Ari kayen wani yaro da ya yi ajin bara, ɗan maƙwabci ko na dangi. Kowane darasi da kwanan wata a samansa. Ƙirga ranakun Nuwamba, na Fabrairu da na Mayu. In ka ga mako ya wuce babu rubutu alhali ba hutu aka yi ba, to ka sa alama. Sannan duba jan bik: malami ya bi kurakurai ɗaya bayan ɗaya ya gyara, ko kuwa layi kawai ya ja ya sa hannu a ƙasa? Duba ko shafin ƙarshe ya tsaya a tsakiyar manhaja. A kwaleji da lise akwai babban littafin aji wanda kowane malami ke rubuta darasin da ya yi da ranar da ya yi shi. Kana iya roƙon shugaban makaranta ya nuna maka na bara. Wanda aikinsa ke da kyau ba ya jin nauyin buɗe shi.

Batun malamai ne iyaye suka fi yi wa gurguwar fahimta. Da yawa na ɗauka cewa tunda ana biya, malaman sun fi na gwamnati ilimi. Ai rijiya ɗaya ake ɗiba. Malamin firamare da ya samu horo ya fito ne daga makarantar horar da malamai, irin ta Bawa Jan Gwarzo da ke nan Maraɗi. Na kwaleji da lise kuma daga babbar makarantar horar da malamai ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai ko daga sauran jami'o'i. Rijiyar kanta tana da matsala: gwajin da aka yi wa malaman firamare ƴan kwantaragi a 2017 ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Makarantar kuɗi daga wannan ruwan take sha, sai dai tana da damar zaɓe da damar sallama, abin da daraktan gwamnati ba shi da shi.

A firamaren kuɗi za ka tarar da malamai iri-iri. Akwai tsofaffin hannu da suka yi ritaya, waɗanda aji ke nutsuwa da shigowarsu. In ka samu irinsu a CI ka dace. Akwai matasan da suka gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna jiran aiki. Suna da ilimi, amma koya wa ɗan shekara 6 haɗa baƙi da wasali sana'a ce daban wadda digiri ba ya bayarwa, kuma ranar da aiki ya fito za su tafi ko tsakiyar shekara ne. Akwai malamai daga Benin da Togo, masu ƙarfin Faransanci, waɗanda ke da amfani sosai daga CE2 zuwa sama, amma in ba su jin Hausa, yaron CI da ya ruɗe ba shi da wanda zai warware masa. Akwai kuma waɗanda BEPC kaɗai gare su babu horo, an ɗauke su don arha.

A kwaleji da lise kuwa, darussa da yawa malaman gwamnati ne ke yin su, ana biyansu da awa. Mushen da ya koyar da fizik a lise ta gwamnati da safe, shi ne zai hau babur ya zo makarantar kuɗi da rana. Ilimin ɗaya ne, kai ɗaya ne. Abin da ya canza shi ne yawan ɗaliban da ke gabansa da kuma idon da ke kansa. Illar wannan tsari ita ce jadawalin makarantarka yana bin bayan na gwamnati. Sai a tara wa yara awa 4 na lissafi a jere ranar Asabar don ita ce ranar da mushe ke da sarari, kuma kan yaro ba ya ɗaukar haka. In aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Dakwaro ko Mayayi a Janairu, ajin ya zama maraya. Tambayi malamai nawa ne na dindindin, musamman a lissafi, fizik da Faransanci, sannan ka nemi jadawalin mako ka gani da idonka.

Ingancin malami yana bin kuɗin da ake biya, kuma kowa na iya buga lissafin. A ƙaddara aji mai yara 30, kowanne jika 50 a shekara. Jika 1,500 ke nan in kowa ya biya, kuma ba a cika samun kowa ya biya ba. A ciki za a fitar da hayar gida, wuta, ruwa, alli, mai gadi, haraji, gyaran tebura da ribar mai makaranta. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun Janairun 2024; na wata 12 ya kama jika 504, kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ajin ya kawo. Makarantar da ke karɓar kuɗi kaɗan ba ta da mafita sai ɗaya daga cikin uku: ta cusa yara 60 ko 70 a aji, ta biya malami wata 9 kawai ta bar shi da damina hannu rabbana, ko ta ɗauki wanda ba shi da horo. Kowacce ta zaɓa, yaro ne ke biya. Araha ba ta ado. Tambayoyin da ke tona wannan gajeru ne: madam ɗin CI shekararta nawa a nan? Ana biyan malamai lokacin babban hutu? An yi musu rajista a CNSS, asusun inshora da fanshon ma'aikata? Makarantar da malamanta ke canzawa duk Oktoba, komai kyan fentinta, ba ta da tushe.

Gini kuwa batun rai ne, kuma mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a tuna musu. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan kara na wata firamare ta gwamnati a garin nan, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara 5 zuwa 6, watanni kaɗan bayan irin ta a Yamai da ta ci yara 20. Bayan haka ne gwamnati ta hana azuzuwan kara a matakin renon yara. Iyaye da yawa sun nufi makarantun kuɗi don neman bangon siminti, kuma suna da hujja. Amma siminti kaɗai bai isa ba. Makarantun kuɗi da dama gidajen zama ne aka mayar lakwal: ɗakin kwana mai mita 4 a kan 4 ya zama aji, taga guda ƙarama mai ƙarfe, ƙofa guda mai buɗewa ciki, zaure ƙunci wanda mutum biyu ba sa wucewa tare. Ajin da aka gina don karatu yakan kai mita 9 a kan 7, da tagogi ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ƙiyasta: in wani abu ya faru, minti nawa yara 300 za su ɗauka kafin su fita?

Kada ka je duba makaranta da sanyin safiya ko ranar da aka gayyaci iyaye. Je wajen ƙarfe 12 na rana ana cikin karatu, in da hali a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kwanon rufi ke huci. Shiga aji ka tsaya a baya minti 5. Za ka ga ko teburin mutum biyu yara huɗu ne a kansa, na gefe rabin jikinsa a waje yana rubutu a kan gwiwa. Za ka ga ko na layin baya na iya karanta allon bango ko ya koɗe ya yi fari. Daga nan wuce bayan gida. Ƙirga ramuka, duba ko na mata daban ne kuma ƙofarsu na rufuwa, ko akwai buta da ruwa. Wannan na daga cikin abubuwan da ke sa ƴan mata fashi kwanaki a kowane wata da zarar sun girma, kuma ba za su faɗa wa uba dalili ba. Duba randa ko famfon sha, da ko kofi guda ne yara ɗari ke yawo da shi a lokacin sanƙarau da mura.

Sai takardun izini, wanda kusan ba mai tambaya. Tun 1996 akwai dokar da ke tsara makarantu masu zaman kansu a Nijar, kuma izini biyu ne: na kafawa da na buɗewa. Abin lura shi ne matakin da izinin ya shafa. Makaranta na iya samun na firamare, yaranta su kai CM2, mai ita ya ga bai kamata su tafi ba, sai ya buɗe ajin farko na kwaleji kafin takarda ta fito. Shekara 4 bayan haka, lokacin ajiye takardun BEPC, sai a ce yaran ba za su shiga da sunan makarantar ba. Nemi a nuna maka takardar, ka rubuta lambarta da shekararta, ka je ofishin sufeton ilimi na yankinku ka tambaya ko makarantar na cikin jerinsu, kuma har zuwa wane aji. Tafiyar awa guda ce.

Yanzu ga ƙyallen bakin ƙofa. A 2021 kimanin ɗalibi ɗaya cikin biyar ne ya ci BEPC a faɗin ƙasa, don haka in uba ya ga an rubuta kashi 90 ko 100, dole zuciyarsa ta karkata. Wasu makarantun da guminsu suka samu wannan lamba. Wasu kuma da dabara. Ana tace yara tun wurin shiga, a ɗauki masu ƙoƙari kawai. A ƙarshen aji na uku na kwaleji a kira iyayen masu rauni a ba su shawarar su nemi wani wuri. Waɗanda suka rage kuma ake shakkarsu, a sa su ajiye takardu a matsayin masu zaman kansu, ta yadda in sun faɗi ba za a ƙirga su ba, alhali sun biya kuɗin shekara cif. Lambobi huɗu za ka nema: yara nawa suka shiga siziyam (ajin farko na kwaleji) shekara 4 da suka wuce, nawa ke turwaziyam (ajin BEPC) a Oktoba, nawa aka gabatar da sunan makaranta, nawa suka ci. Makarantar da ta gabatar da 80 ta samu 55 ta fi wadda ta zaɓi 20 ta samu 20 aiki, nesa ba kusa ba.

Akwai kuma kishiyar wannan: makarantun da ke karɓar duk wanda aka kora daga ta gwamnati bayan ya maimaita aji bai samu maki ba. Ba yaro dama ta biyu aikin alheri ne, kuma wasu yaran a nan suke farfaɗowa. Ɓarnar tana zuwa ne in makaranta na tsoron ta ce yaro ya maimaita don kada uba ya cire shi. Sai a riƙa ɗaga maki: takardar sakamako ta nuna 13 ko 14 cikin 20 duk shekara, uba na murna, ranar BEPC yaro ya dawo da 6. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne jarrabawar gwaji da ake haɗa makarantu da yawa, malaman waje su gyara. In makin gwajin ya yi ƙasa da na cikin gida da maki 4 ko 5, an daɗe ana yi maka kwalliya.

Kuɗin da aka faɗa maka ranar farko ba shi ne kuɗin shekara ba. Akwai na rajista, wanda ba a mayarwa. Akwai na karatu, galibi kashi uku. Akwai tufafin makaranta da wasu ke tilasta a saya wurinsu. Littattafai da kaye. Kuɗin jarrabawar gwaji da na darasin ƙari a azuzuwan jarrabawa. Kuɗin kashewa na hutun safe. Sai sufuri, wanda shi ke karya mutane a ɓoye. A ce ɗan kabu-kabu na karɓar dala 40 zuwa, dala 40 dawowa: dala 80 a yini, jika 8 a wata mai kwanan karatu 20, jika 72 a wata 9. In yaro na komawa gida cin abincin rana ya sake dawowa, ninka biyu. Sau da yawa makaranta mai ɗan tsada da yaro ke zuwa da ƙafa ta fi mai arha da ke ƙetaren gari sauƙi. A 2025 gwamnati ta ba da umarnin rage kuɗin makarantu masu zaman kansu. Ajiye rasit ɗin shekarun baya ka gwada, ka kuma lura kada abin da aka rage a kuɗin karatu ya dawo ta ƙofar baya da sunan wani sabon caji. Kowane biya, ko na dala 100 ne, karɓi rasit mai hatimi.

Abin da ya fi ƙona rai a wannan hidima shi ne korar yara don bashi. A Janairu da Fabrairu, lokacin kashi na biyu, wajen ƙarfe 9 na safe za ka ga yara cikin tufafin makaranta suna tafe a gefen titi da jakunkuna a baya, an karanta sunayensu a gaban aji an ce kowa ya je ya kira babansa. Kwanakin da aka biya kuɗi don a saya, su ne ke zubewa, ga kunyar da yaro ke sha a gaban abokansa. Makarantar kirki uba take kira a waya, ba ta hukunta yaro kan aljihun da ba nasa ba. Shi ma uba da nasa: in ka san kuɗinka na girbi ne ko sai kaya sun fita, faɗi tun ranar rajista, a rubuta ranakun biya da suka dace da kai. In abu ya cije, je da kanka kafin ranar ta zo. "Mushe darakta, don Allah a ɗaga mini ƙafa zuwa 10 ga wata," yakan samu "Ba komai Alhaji, Allah ya hore," in an faɗe shi da wuri. Ka kuma sani wasu na riƙe takardun sakamako sai an biya saura. A ta gwamnati akwai ƴan kuɗaɗen kwamitin kula da makaranta da na kayan rubutu, amma babu kuɗin shekara da za a kori yaro a kansa, kuma iyaye na da kujera a kwamitin da a ƙungiyar iyaye. A ta kuɗi, maganar mai makaranta ce ke yanke hukunci, sai in ya ga dama ya kafa ƙungiyar iyaye. Tambayi ko akwai, da yaushe ta yi zama na ƙarshe.

Makarantun Faransanci da Larabci suna da kasuwa sosai a Maraɗi, don uba na son boko da addini a wuri guda. Tsari ne da gwamnati ta amince da shi tun daɗewa, ta farko a garin Sayi aka buɗe ta a 1957, kuma akwai na gwamnati akwai na kuɗi, da jarrabawarsu ta ƙarshen firamare. A bambance su da Islamiyyar da ba ta bin manhajar gwamnati, wadda ke da nata amfani amma ba ta kai yaro BEPC. Abin dubawa shi ne rabon awanni: harsuna biyu baƙi, rubutu biyu, a kan yaro guda cikin yini guda. In Faransanci ya yi rauni, lissafi da kimiyya za su bi shi, ƙofar jami'a kuma ta ƙuntata. Masu kai yara Katsina ko Kano don karatun Ingilishi su ma su yanke shawara tun farko, domin yaron da ake ta juyawa tsakanin tsari biyu yakan rasa shekara a kowane juyi.

Wata al'ada da ba na goyon baya ita ce hana yara Hausa kwata-kwata a harabar makaranta har da hukunci, wadda wasu makarantun kuɗi ke talla da ita. A manyan azuzuwa tana iya sa baki ya saba. A CI cutarwa take yi, domin yaro ya fi saurin gane yadda haruffa ke haɗuwa in kalmar da ta fito ya san ma'anarta. Makarantun gwamnati masu fara karatu da harshen gida sun faro tun 1973 a Damagaram, kuma tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a dokance, Faransanci da Ingilishi na aiki. Yaron da ke rera jimlolin Faransanci kamar waƙa bai zama lallai yana karatu ba.

In aljihu ba zai ɗauki shekara 13 ba, kuma na mafi yawan mutane ba zai ɗauka ba, ina ganin a zuba kuɗin a farko. Binciken PASEC, mai auna ƙoƙarin ɗalibai a ƙasashe masu amfani da Faransanci, na 2014 ya nuna ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne ke kaiwa matakin da ake so a karatu a ƙarshen firamare a Nijar. Na 2019 ya nuna an matsa zuwa kusan uku cikin goma. Tun a CI da CP ake rasa sauran. Yaron da ya fita CP yana karatu da kansa zai iya rayuwa a aji mai mutum 80, don yana iya ɗaukar littafi ya cike giɓin yajin aiki. Wanda bai iya ba, ko ka biya masa lise mafi tsada, gini ne a kan rairayi. Don haka CI, CP da CE1 a makarantar kuɗi mai ƙwararriyar malama da ajin da bai wuce 40 ba. Bayan haka ta gwamnati mai darakta tsayayye, da mai bita a gida sau uku a mako in da hali. Sai a sake duba aljihu a turwaziyam da tarminal, ajin ƙarshe na lise. Yaro mai ƙoƙari a lissafi kuma kada a raina masa lise ta gwamnati, inda manyan malaman kimiyya suke, haka mai son sana'ar hannu, don irin ɗakunan aiki da injinan makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa ba kowane mai makaranta ke iya sayensu ba. Wajen zaɓen wanda za a biya wa cikin ƴaƴa, a duba wanda ke ajin da ya fi buƙata, mace ce ko namiji.

Gwajin da zai gaya maka ko kuɗinka na aiki minti 10 ne. A watan Mayu, ba ɗan CP shafin da bai taɓa gani ba, daga wani littafi daban da na ajinsu. Rufe hoton da tafin hannu. Sa yatsa a kan kalma a tsakiyar layi na uku ka ce ya fara daga nan. Mai hadda zai tsaya cik ko ya koma farkon shafi. Mai karatu zai haɗa haruffa ko da a hankali. In ya karanta layi 5, ce masa ya faɗa maka da Hausa abin da aka ce. Ɗan CE1 kuma ba shi 52 a cire 17 a kan allo ka ga ko ya san aro. In kai ba ka yi boko ba, sa wani ɗan lise na unguwa ya yi gwajin kana zaune.

In ka yanke shawarar canza makaranta, ko daga ta kuɗi zuwa ta gwamnati ko akasin haka, fara tun Yuni ko Yuli, kada ka bari sai Oktoba lokacin da tebura sun cika. Karɓi takardun sakamako na duk shekarun da yaro ya yi, da takardar shaidar karatu mai hatimin makaranta, ka ajiye kofe biyu na kowacce a gida. Sannan ɗora su kusa da takardar haihuwa ka bi harafi bayan harafi: sunan yaro, sunan uba, rana, wata da shekara. In an rubuta Mamman a makaranta alhali Mahamadu ke takardar haihuwa, ko shekarar ta bambanta, takardun jarrabawa za su dawo a CM2 ko turwaziyam. Yaron da ba a yi masa takardar haihuwa ba kuma sai an je kotu an karɓo wadda ke maye gurbinta, kuma ba a kwana ɗaya take fitowa ba. A nema tun yana CE2.